Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Furodusoshi Ke Sayen Sintesaiza Alhali Ga Manhaja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina haɗa kiɗa a kwamfuta, kuma filogin ɗin da na tara, wato ƙananan manhajojin sauti, sun fi arba'in. Amma duk bidiyon wani babban furodusa da na kalla, sai in ga situdiyonsa cike da na'urorin sintesaiza masu ƙirƙirar sautin kiɗa da lantarki, wayoyi ko'ina. Abokina ya ce sautin na'ura ya fi na manhaja kauri, wai shi ya sa kiɗana ba ya cika kunne. Gaskiya ne? In fara tarin kuɗi?

Daga wani matashi mai koyon haɗa kiɗa

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya faɗi gaskiya, amma guntuwa ce, kuma ba ita ce ke damun kiɗanka ba.

Na'urorin da kake gani a bidiyo ba iri ɗaya ba ne. Akwai na analog, waɗanda wutar lantarki ce da kanta ke kaɗawa a cikin da'irori ta zama sauti, irin Minimoog da kamfanin Robert Moog ya fitar a 1970. Akwai kuma na dijital, waɗanda lissafi suke yi. Yamaha DX7 ta 1983, wadda ta mamaye waƙoƙin shekarun 1980, ƙaramar kwamfuta ce aka saka wa madannai. Tana aiki da wata dabarar ƙirƙirar sauti mai suna FM da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford a Amurka. Yau akwai manhaja ta kyauta mai suna Dexed da ke karanta ainihin sautukan DX7 ta fitar da su. To a nan ina maganar kauri ta shigo? Lissafi ne a can, lissafi ne a nan.

A ɓangaren analog ne maganarsa ke da ƙafa. Minimoog tana da osileta uku, wato masu haifar da sautin, kuma ba sa tsayawa cak a kan murya ɗaya. Zafi yana taɓa su. Kana kunna ta da sanyi sai ka ji ta ɗan karkace, sai ta ɗumama kafin ta daidaita. Wannan 'yar rawar da suke yi, ɗaya ya ɗan hau, ɗaya ya ɗan sauka, ita ce kunne ke ji kamar rai. Na taɓa gwada kaina a kan wannan. Na ɗauki bas iri ɗaya sau biyu, ɗaya da na'urar analog, ɗaya da manhajar da ke kwaikwayonta, na juya wa allo baya na ce wani abokin aikina ya riƙa kunna su a hargitse. Da ake kunna bas ɗin shi kaɗai, na fi yawan cankowa daidai. Da aka ɗora ganguna da murya a kai, sai na koma caca. Har na rantse a kan wani cewa na'ura ce, ashe manhaja ce. Ya yi mini dariya har da tafi.

Saboda haka in ka tambaye ni me ya sa har yanzu na'ura ke kan teburina, ba zan fara da sauti ba. Da hannu zan fara. Linzamin kwamfuta yatsa ɗaya ne: ka kama abu ɗaya, ka ja, ka saki, ka nemi na gaba. A gaban na'ura kuwa, hagu na danne da madanni, dama na murɗa matacin sauti a hankali, sautin yana buɗewa daga gurnani zuwa kaifi, ɗan ƙaramin yatsa kuma ya riga ya kai ga makunnin da ke kusa. Idona a rufe. Bayan 'yan watanni hannu ya haddace inda komai yake, kamar yadda makaɗin kalangu ba ya duba tsarkiya kafin ya matse ta. Mafi yawan sautukan da nake alfahari da su ban shirya su ba, hannu ne ya zarce inda ban nufa ba, na ji abin ya yi daɗi na bar shi.

Akwai kuma jinkiri. Kwamfuta ba ta fitar da sauti nan take, sai ta tara shi guntu-guntu. In ka sa ta tara ƙwayoyin sauti 256 a gudun ƙwaya 44,100 cikin daƙiƙa, jinkirin ya kusa kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa, ban da abin da katin sauti zai ƙara. Wannan ba ya damun kowa. Amma in aiki ya yi nauyi ka ɗaga zuwa 1,024 don kada sauti ya riƙa tsinkewa, jinkirin ya haura kashi 23 cikin 1,000, kuma yatsun mai kiɗa suna jin sa sarai.

Yanzu ga abin da nake zargi a kanka, kuma kada ka ji haushi, ni ma na yi wannan ciwon. Filogin arba'in! Kowanne da ɗaruruwan sautuka da aka riga aka dafa. Nawa ne a cikinsu za ka iya gina sauti da shi daga tushe? Na san daren da mutum zai zauna da niyyar haɗa kiɗa, ya kwana yana danna “na gaba, na gaba”, gari ya waye bai ajiye ko layi ɗaya ba. Na'ura tana hana ka wannan ta hanyar rowa. Minimoog murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, kuma ba ta da ma'adanar sauti ko ɗaya. Mutanen wancan lokaci sai su zana matsayin makunnan a takarda. Sai Prophet-5 ta Dave Smith ta zo a 1978 da muryoyi biyar da ikon adana sauti. In sauti ya yi maka daɗi a irin tsofaffin nan marasa ma'adana, ɗauka kake yi nan take, don gobe ba lallai ka same shi ba. Da ka ɗauka kuwa magana ta ƙare, sai ka wuce gaba. Wannan tilas ɗin ne ke sa waƙa ta kammala.

Ka dubi Roland TB-303. An yi ta a 1981 don ta maye wa masu jita gurbin mai kaɗa bas, ba ta yi kama da bas ba ko kaɗan, kasuwa ta ƙi ta, aka daina ƙera ta. Matasa a Chikago suka tsince ta a kwance, suka yi ta murɗa 'yan makunnanta tana kuka, daga nan wani salon kiɗan rawa ya fito. Da hannu aka gano wannan.

Sai batun daɗewa. Tsarin MIDI, wanda na'urori ke magana da juna da shi, ya fito a 1983, kuma na'urar wancan zamani za ta amsa wa kwamfutarka ta yau in ka haɗa wayar. Manhaja kuwa rayuwarta a hannun wasu take. Ina da wani aiki da na yi shekarun baya, na buɗe shi don in gyara, sai ga bas ya yi shiru: kamfanin da ya yi filogin ɗin ya daina sabunta shi, sabuwar kwamfutata kuma ba ta san shi ba. Tun ranar nake mayar da kowane layi sauti in ajiye.

Ban ce na'ura ba ta da nata ba. Tana tsufa, makunnai su fara ƙarar yashi, baturin da ke riƙe da ma'adana ya mutu ya tafi da sautukanka. In kana son layi uku daga na'ura mai murya ɗaya, sau uku za ka ɗauka, alhali manhaja sai ka buɗe ta sau goma. In mawaƙi ya dawo bayan wata guda ya ce a sauke masa murya, mai manhaja danna biyu zai yi, kai kuwa sabon aiki. Sannan, tsakanina da kai, wasu na'urorin da kake gani a bidiyo ado ne. Ka lura da kyau, wata ko wayar wuta babu a jikinta.

Kada ka fara tarin kuɗin na'ura tukuna. Zaɓi manhaja ɗaya tak, Vital ko Surge XT, duka ana samun su kyauta, ka yi wata uku ba ka taɓa wata ba, kuma kowane sauti daga tushe za ka gina shi. Nemi ƙaramin kibod na MIDI mai makunnan murɗawa, ka ɗaura matacin sauti a kan ɗaya, tsawon sauti a kan wani, ka bar su a nan kullum har hannunka ya saba. Shi kuwa rashin cika kunnen, ka binciki yadda bas da babbar ganga ke danne juna a haɗinka, don can na fi samun ɓarawon.

In bayan wata ukun hannunka na ƙaiƙayi har yanzu, ari ta wani ka kwana biyu da ita kafin ka saya. Korg Minilogue, wadda ta fito a 2016, analog ce mai muryoyi huɗu kuma tana adana sauti, ba za ta wahalar da mai koyo ba. In kuma ta hannu za ka saya, kada ka yarda da gwajin minti biyar. Bar ta a kunne rabin awa, ka danna kowane madanni, ka murɗa kowane makunni kana sauraron ƙarar yashi. In Roland Juno-106 ce ta 1984, muryoyi shida gare ta kuma an san su da mutuwa ɗaya-ɗaya, don haka danne madannai shida ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka saki ba, ka ƙirga ko duka shidan sun amsa.