Ka ce ko a kan titi za ka kwana, in dai Ingila ce

Ɗana,

Saƙonka na uku kenan a wata guda kan in taya ka neman gurbin karatu. Biyun farko aiki ne ya hana ni amsawa. Na jiya kuwa akwai maganar da ta tsaya min a rai, inda ka ce, "Kawu, ni ko a kan titi zan kwana in dai Ingila ce, ai talakan can ya fi mai kuɗin nan." Ba ka san abin da bakinka yake faɗa ba. Saboda haka zan gaya maka abin da ko mahaifiyarka ban taɓa gaya wa ba.

A hunturuna na biyu a Landan na yi kwana 11 ba ni da inda zan sa haƙarƙarina. Ban ci wa kowa kuɗin haya ba. Mai gidan ne ya ba ni takardar tashi ta wata biyu, kuma doka a lokacin ba ta tilasta masa faɗin dalili ba. Duk ɗakin da na nema sai a ce in kawo kuɗin ajiya, da hayar wata, da mazaunin ƙasa mai albashi da zai tsaya min. Wa nake da shi? Da rana ina aji kamar kowa. Da dare in hau bas mai kwana tana yawo, in zauna a kujerar baya ta sama, in rungume jakata, in ta kai ƙarshen layi direba ya tashe ni in sauka in jira wata. Da asuba in shiga banɗakin makaranta in wanke fuska kafin masu shara su iso.

Sanyi ya ci ni, amma ba shi ya fi yi min ciwo ba. Idon mutane ne. Wani dare na zauna a bakin tashar jirgin ƙasa ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ɗaruruwan mutane suka wuce, babu wanda ya zage ni, babu kuma wanda ya haɗa ido da ni. Sun iya kallon mutum su wuce kamar sun ga turken fitila. A nan wanda ya rasa muhalli, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci: ko mashayi ne, ko malalaci, ko mai taɓin hankali. Tunanin shi ne ƙasa ta buɗe wa kowa hanya, wanda ya faɗi shi ya so. Ka duba bencin tashar bas, an yi shi siriri a karkace don kada a kwanta. A gaban wasu gine-gine har ƙusoshin ƙarfe aka dasa. Dokar da ta mai da bara da kwanan titi laifi an yi ta ne a 1824, lokacin da tsofaffin sojojin yaƙin Napoleon suka cika tituna, kuma ta cika shekara 200 tana nan a littafin doka. Amurka da abokanka suke mafarki, a Yunin 2024 Kotun Ƙolinta ta yarda birane su hukunta mai kwana a waje ko da babu gadon da za a ba shi. A Janairun shekarar an ƙirga mutum sama da 770,000 marasa muhalli a dare ɗaya.

Na nemi mutanenmu. Mutum uku na kira, ukun duka suka ce in yi haƙuri, yarjejeniyar hayarsu ta hana ajiye baƙo. Na daɗe da wannan a zuciya. Yau na san gaskiya suka faɗa, su ma tsoron titin suke yi, amma har yanzu in na gamu da ɗayansu gaisuwar ba ta yin nisa.

Na je ofishin ƙaramar hukuma. Matar ta saurare ni cikin mutunci, ta karɓi katin izinin zamana, ta nuna min layin da ya ce ba ni da haƙƙi a tallafin gwamnati. Wannan layin yana kan bizar kowane ɗalibi, zai kasance a kan taka. Gidan wucin gadi da ake ba iyalai sama da 100,000 a Ingila, da kuɗin taimakon haya, duk ba naka ba ne. Aiki kuma awa 20 a mako aka yarje maka in ana zangon karatu.

Kada ka ɗauka ina wanke ƙasashenmu ne. A ƙasa mai tasowa talauci ya yi yawa har ya daina ba kowa mamaki. Ana gaisawa da talaka, ana kiran sunansa, da wuya ya rasa ɗan'uwan da zai shimfiɗa masa tabarma. Amma mu miƙa sadaka mu wuce, mu ce ƙaddara, ba ma tambayar wanda ya kamata ya gina masa ɗaki, in kuma an rushe unguwar marasa galihu don gyaran birni kwana biyu an manta. A nan aƙalla ana ƙirga su, ana cacar baki a majalisa a kansu. Finland ma tun 2008 take fara ba mutum makullin ɗaki kafin a yi maganar shaye-shayensa ko aikinsa, kuma masu daɗewa a titi sun ragu sosai. Sai dai ɗalibi baƙo ya baro danginsa a baya, gwamnatin nan kuma ba tasa ba ce. Tsakanin nan na faɗa.

Na fita da ƙafata. Wani dattijo da muke sallah tare ya lura kullum da riga ɗaya nake zuwa, ya tsaya min na sami ɗaki. Na gama karatuna, yau gidan da nake ciki sunana ne a takardarsa, kuma babu wanda ya ba ni kyautar fam ɗaya a ciki. Duk hunturu ina kwana ɗaya a mako a wurin da ake saukar marasa muhalli. A can na shimfiɗa wa direbobi gado, da mai digiri biyu, da yaro sa'anka wanda yake aika wa gida hotonsa a gaban kantuna masu ƙyalli.

Zan duba takardunka, amma da sharaɗi. Ka nuna min kuɗin haya na wata shida, naka na kanka, ba wanda aka ara aka zuba a asusu don idon ofishin jakadanci a kwashe bayan biza ta fito ba. Ka kuma gaya min wanda zai tsaya maka wajen mai gida, don ni na riga na tsaya wa mutum biyu, albashina ba zai ɗauki na uku ba. Maganar bas ɗin nan kuma ta tsaya tsakanina da kai, mahaifiyarka tana da hawan jini.

Kawunka