Memori ɗaya babba ko ƙanana uku? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoton biki da suna a Gombe. Wata mai zuwa zan bi 'yan kai amarya zuwa Gembu da ke kan dutsen Mambila, kwana shida za mu yi, kuma an ce kada in dogara da wuta a can. Kyamarata Canon ce mai megafiksel 24, ramin memori ɗaya gare ta. Mai shago ya ce in sayi 256GB guda ɗaya in huta. Kuɗina zai kai. In saya?
— Wata mai karatu daga Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A'a, kada ki saya. Da wannan kuɗin ki sayi 64GB guda uku. Mai shago ya fi son ciniki ɗaya mai tsoka, ke kuwa amanar bikin mutane za ki ɗauko, kuma ba a maimaita buɗar kai don memorin mai hoto ya mutu. Iyayenmu mata ma ba sa ƙulle duk kuɗin tafiya a bakin zane ɗaya.

Mu yi lissafi. A kyamara irin taki, hoton RAW guda, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin tsakanin 25MB da 30MB, don haka 64GB zai ɗauki kusan 2,000. In JPEG kike ɗauka, ninka wannan sau uku ko huɗu. Bidiyo ne mai ci: 4K a kan 100Mbps yana lashe kimanin 45GB cikin awa ɗaya. In har amarya ta ce sai an yi mata bidiyon rawa da waƙe, ki ƙara kati na huɗu, shi kaɗai aikinsa.

Yadda nake yi shi ne kowace rana da katinta, ko ya cika ko bai cika ba; ke mai kwana shida da kati uku, kwana biyu ke nan ga kowane kati. Da dare in cire shi, in ja ɗan makullin nan da ke gefensa ƙasa don kada wani abu ya sake rubutuwa a kai, in mayar da shi jakarsa a kife, wato tambarin yana kallon ƙasa. Da safe ko ido bai gama buɗewa ba na san wanda ke kife an gama da shi. Kada ki riƙa goge hotuna ɗaya-ɗaya a kyamara don neman wuri, a nan ne yatsa ke zamewa.

Sai dai kati uku ba su raba ki da asara ba, rage ta kawai suka yi. Hoton da ke wuri ɗaya tak har yanzu yana cikin hatsari, shi ya sa nake so kowane dare ki kwafe na ranar zuwa wani wuri. In kina da laftof, shi ke nan. In babu, ko kina gudun nauyi, wayarki za ta yi aikin muddin mai USB-C ce: ki sayi ƙaramin kad rida, wato na'urar karanta kati, ki kwafe cikin wayar in akwai wuri, ko ki haɗa ta da SSD, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta waje, ta ɗan mahaɗi mai ramuka da yawa. Ki gwada wannan haɗin a gida kafin tafiya, domin ba kowace waya ke iya ciyar da SSD wuta ba, wasu sai an jona musu fawa bank.

Na ce SSD da gangan. Had dis ɗin da aka saba da shi ya fi araha, amma a cikinsa akwai faifai mai juyawa da ɗan hannu mai karantawa, faɗuwa ɗaya daga kan gado tana iya gamawa da shi. Wanda ya taɓa hawan dutsen Mambila daga Mayo Selbe ya san irin jijjigar da kaya ke sha a but. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, irin su Samsung T7 ba su fi tafin hannu ba, kuma 500GB ya ishe ki har da ragi. Ki sa shi a jakar hannunki, katunan kuma a wata jakar daban. Maganar turawa intanet kuwa ki bar ta sai kin dawo; tura 50GB da datar waya a kan dutse wahala ce kawai. Ki tafi da batir biyu ko uku, sanyin can yana saurin shanye su.

Tambaya: Malam, rubuce-rubucen da ke jikin memori sun ruɗa ni: U3, V30, 170MB/s. Wanne zan duba?
— Wani ɗalibi daga Maraɗi

Amsa: Babbar lambar nan, 170MB/s, da aka rubuta da manyan baƙaƙe, saurin karantawa ne a yanayi mafi kyau, talla ce. Kai ka duba V. V30 na nufin katin ba zai gaza rubuta 30MB a daƙiƙa ba, U3 ma haka yake nufi, kuma ya ishi hoto da 4K na yawancin kyamarori. V60 da V90 na masu bidiyo mai nauyi ne. Juya katin: in ka ga layi biyu na ƙarafa, UHS-II ne, nau'in da ya fi sauri, amma in kyamararka ba ta san shi ba zai yi aiki ne da saurin UHS-I, ka biya kuɗi a banza. In kuma tsohuwar kyamara ce ta kafin 2010, ka tsaya a SDHC, wato 32GB zuwa ƙasa, don ba lallai ta karanta SDXC, katin da ya wuce 32GB, ba.

Tambaya: Na sayi 128GB da araha. Na ɗauki hotunan hawan Sallah, na farkon suna buɗewa, na ƙarshen duk sun ƙi. Ƙwayar cuta ce?
— Wani mai karatu daga Katsina

Amsa: Ɗan'uwa, ina jin jabu aka sayar maka, Allah ya mayar da alheri. Dabarar masu yin sa ita ce su ɗauki ƙaramin kati, mai 8GB ko 16GB, su canja bayanin da yake ba kyamara har ya riƙa cewa shi 128GB ne. Kwali ya yi kyau, tambari ya yi kyau. Yana aiki lafiya lau har ainihin cikinsa ya cika, daga nan kyamara tana ta rubutu, sunayen hotuna suna fitowa a jere, amma babu komai a bayansu. Waɗannan na ƙarshen ba su taɓa zama a katin ba, don haka kada ka ba kowa kuɗi da sunan zai dawo da su. Kwafe waɗanda ke buɗewa yau ɗin nan.

Nan gaba duk katin da ka saya, ko SanDisk ne ko Lexar ko Kingston, ko daga hannun wanda ka yarda da shi, ka gwada shi da H2testw. Manhaja ce ta kyauta a Windows. Takan cika katin maƙil sannan ta karanta abin da ta rubuta, ta gaya maka gig nawa ne na gaskiya. Babban kati yakan ɗauki awanni, sai ka kunna ta da dare. Ka yi sharaɗi da mai shago tun wajen ciniki cewa in ya faɗi gwajin za ka dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, ka ƙara gaba.

Wannan dabam yake da wanda ya goge hotuna ko ya yi fomatin, wato share katin gaba ɗaya, bisa kuskure a kati na gaskiya. Shi yana da sauran fata: ya cire katin nan take, kada ya ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya, ya bi shi da PhotoRec ko Recuva, su ma kyauta ne. Sabon kati kuma a cikin kyamarar da zai yi aiki ake yi masa fomatin, ba a kwamfuta ba.