Jaririna bai yi zazzaɓi ba, amma likita ya ce cuta ta shiga jininsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Mai Wurno, kusa da Sinnar. Kwana uku bayan suna, ɗana ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, ko kuka da ƙyar yake yi. Surukata ta ce tunda babu zazzaɓi mu bari zuwa safe. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa, aka kwantar da mu ana yi masa allurai har ya warke. Ta yaya cuta za ta kai jini ba tare da zafin jiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi, ya ƙara masa lafiya. Surukarki ta auna jariri ne da ma'aunin babban mutum, kuma yawancinmu haka muke yi.

Zazzaɓi da kumburi alamu ne na cewa fararen ƙwayoyin jini sun ga cuta sun tashi faɗa da ita. Ɗan tayi yana fara ƙera waɗannan ƙwayoyi tun watannin farko, a hanta, daga baya a ɓargo, amma jikinsa yana riƙe su da linzami. Dalili kuwa, rabin halittarsa daga uba take, don haka baƙo ne a jikin uwa, kuma kumburi mai ƙarfi a mahaifa yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci, har ya taɓa huhu da ƙwaƙwalwar yaron. Shi ya sa likitoci ke damuwa idan faya ta fashe aka haura awa 18 ba a haihu ba, domin cuta na iya shiga mahaifa ta jawo irin wannan kumburi.

Da wannan linzami jariri yake fitowa duniya, kuma yana da amfani, domin shi ke barin ƙwayoyin halitta masu amfani su zauna a hanjinsa da fatarsa. Sai dai ajiyarsa ta fararen ƙwayoyin jini kaɗan ce, tana ƙarewa da wuri, saboda haka cuta kan bazu jikin bai yi zafi ba, wani lokaci ma sanyi yake yi kamar yadda kika gani. Kariyarsa a wannan lokaci aro ce daga gare ki: sinadarin yaƙi da cuta mai suna IgG da ke ratsa mabiyiya a watanni uku na ƙarshen ciki, wanda bakwaini ba ya samun isasshe, sai kuma dakashi. Yana ba ni takaici cewa har yau akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar.

A kwana 28 na farko, a garzaya asibiti ko da tsakar dare idan jariri ya ƙi nono, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana jijjiga, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa. Haka nan idan ma'aunin zafi ya kai 38 ko ya sauka ƙasa da 35.5. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti guda cur; idan ya kai 60, kada a ɗora shi a kan zafin gari, kada kuma a jira gari ya waye.