Daga Abuja zuwa Dutse: in kwashe iyali ko in fara yin gaba?

Malam, ka ce an yi maka canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Dutse, kana tunanin ko ka tafi da iyali gaba ɗaya. A ganina ka fara yin gaba kai kaɗai, su biyo ka in yara sun gama zangon karatu.

Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, amma har yanzu ba ta da hayaniya. Haya da cefane sun fi Abuja sauƙi nesa ba kusa ba, ga dabino a kasuwar Shuwarin. Sai dai tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, gidajen kusa da ita sun yi daraja.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne biyan kuɗin hayar gida na shekara ta waya saboda dillali ya turo hoto. Je da ƙafarka. Buɗe famfo ka gani, tambayi maƙwabta ko rijiyar burtsatse na kai wa watan Afrilu, da awa nawa ake samun wuta. Dubi gindin katanga, in ruwa na kwanciya da damina za ka ga shaidarsa.

In uwargida na sana'a, ku lissafa cewa ciniki a can bai kai na Abuja gudu ba. In akwai majinyacin da ke ganin ƙwararren likita kuma, a karɓo masa takardar tura mara lafiya kafin tashi. Akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, Kano ma ba nisa ta Wudil.

Fili kuwa, kar ka biya sai lauya ya tantance takardun a ma'aikatar filaye.