Amsa ga mai tambaya kan gyaran filin ajiye motoci na lambu

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Ina karanta tambayarki na gane ciwon kan, domin duk wanda ya taɓa riƙe ƙofar lambun jama'a katafila na aiki a gefensa ya san shi. Kin ce filinku na ɗaukar mota 120, za a fasa shi a sake zuba kwalta, aikin wata uku ne, kuma an ce ba za a rufe lambun ba. Kina son sanin inda baƙi za su ajiye mota da ta inda za su shigo.

Ki fara neman takardar kwangilar ki karanta tun kafin a sauke kayan aiki. Idan ba a rubuta a ciki ba cewa za a yi aikin kashi biyu, rabi a rufe rabi a buɗe, to ki sani ɗan kwangila zai so ya fasa filin gaba ɗaya a rana guda, don ya fi masa araha da sauri. Ko an raba ɗin ma, kada ki sa a ranki kina da gurbi 60. Tulin tsakuwa, tifa, rola, tankin ruwa da ɗakin ajiyar kayansu za su ci gurbi 10 zuwa 15. Ki yi lissafinki da 45.

Abin da ya fi ƙona rai a wannan harka shi ne motocin ma'aikatan ɗan kwangilar. Suna isowa da sassafe kafin a buɗe ƙofa, su jera motocinsu a guraben da suka fi kusa da mashiga, har da na masu keken guragu, don nan ne inuwa take. Sai ƙarfe goma a zo da dattijuwa mai dogara sanda, a rasa inda za a sauke ta, a sauke ta a bakin titi tana taka tsakuwa tana tangaɗi, tifa na baya-baya a kusa da ita. Maigadinki ne zai sha zagin, ke ce za ki amsa ƙorafin, shi kuwa wanda ya jawo abin yana can bayan shinge ko a jikinsa. Kin je kin yi magana, a ce miki shugaban aikin bai iso ba. Washegari a gusa shingen mita biyar cikin dare ba a gaya wa kowa ba, hanyar da kika share wa masu tafiya a ƙafa ta koma cikin wurin aiki. Wannan ba ya gyaruwa da roƙo. A rubuta cewa ma'aikatansu ba sa fakin a filin baƙi, a ware musu wani wuri, kuma ba a matsar da shinge sai an sanar da ke a rubuce awa 48 kafin nan. Ki karɓi lambar wayar mutum ɗaya da ke da ikon ba da umarni a wurin. Ma'aikatan lambun ma su kai motocinsu can nesa, har da manyan ofis, in ba haka ba ba ki da bakin yi wa wasu magana.

A ganina yawan gurabe ba shi ne babbar matsalarki ba. Mai lafiya zai yi ƙunƙuni ya taka mita 300. Wanda ba zai iya ba shi za ki fara shirya wa. Guraben masu buƙata ta musamman su koma kusa da sabuwar mashiga tun ranar farko, faɗin kowanne kamar mita 3.6 don ƙofa ta buɗe a fito da keke, kuma ƙasan ya zama a daidaice. Daga nan zuwa ƙofa a bar hanya mai faɗin aƙalla mita 1.5 mai tauri. Tsakuwa sako-sako tana riƙe ƙananan tayoyin gaba na keken guragu, mutum ya kife. A daddaɓe ta da kyau ko a shimfiɗa faifan roba ko katako mai kauri. Inda akwai tudu kada gangarar ta wuce ɗaya cikin goma sha biyu, wato idan tsayin santimita 15 ne, tsawon gangarar ya kai mita 1.8. Leburori kan jingina guntun katako kawai su ce sun yi gangara, ki je ki auna da kanki. Ki kuma ware wurin sauke mutane, mai ɗaukar mota biyu ko uku, da benci da inuwa, domin wanda aka sauke zai jira direbansa ya je ya yi fakin ya dawo.

Hanyar tifa da hanyar mutane kada su haɗu. Idan dole sai sun gitta juna, a tsayar da mutum da tuta a wurin duk lokacin da ake aiki. Yara ba sa tsoron manyan injina, gudu suke yi su je kallo, don haka igiya ko kyalle mai launi ba shinge ba ne. Kuma kowane tsari kika yi, a bar wa motar kashe gobara da motar asibiti hanya mai faɗin kamar mita 4 har cikin lambun.

Batun filin ciyawa da kika ambata, cewa ko za a riƙa ajiye rarar motoci a kai, nan nake so ki yi taka-tsantsan. Ranar da ƙasa take bushe babu laifi. Ruwan sama ɗaya ya isa ya mai da wurin taɓo, tayoyi su yi rami, ciyawar ta mutu. Idan za a yi amfani da shi wata uku, a shimfiɗa yadin nan mai hana tsakuwa nutsewa cikin ƙasa, a zuba tsakuwa santimita 10 zuwa 15 a kai. Kowace mota ki ƙiyasta mata murabba'in mita 25 zuwa 30 idan aka haɗa da hanyar juyawa, kuma tsakanin layi da layi a bar mita 6. Idan ba a sa mai nuna wa direbobi wuri ba, filin mota 40 zai cika da 25.

Don Allah kuma kada a bar kowa ya yi fakin a gindin manyan itatuwa. Yawancin saiwoyin da itace ke sha da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma nauyin mota yana danne ƙasar har iska da ruwa su daina shiga. Ba za ki ga illar a bana ba. Bayan shekara biyu ko uku rassan sama su fara bushewa, kowa na tambayar me ya faru. Ki auna kaurin gangar itacen daga gefe zuwa gefe, ba kewayenta ba, ki ninka sau 12, ki kewaye wannan tazarar daga jikinsa. Itace mai kaurin santimita 50 yana buƙatar mita 6 ta kowane ɓangare. Ɗan kwangila ma zai so ya tula yashi ko ya wanke injin siminti a ƙarƙashinsa, ki hana, ruwan siminti na ƙona saiwa.

Idan akwai makaranta ko ofis kusa da ba sa amfani da filinsu a ƙarshen mako, ki nemi aro a rubuce, a fayyace wa ke da alhaki idan aka fasa gilashin mota. Daga can zuwa lambun, bas mai kujera 18 da ke zuwa ta dawo cikin minti 15 za ta kwashi mutum 72 a awa, kusan mota 24 ke nan idan kowace na ɗauke da mutum uku. Matsalar bas a lokacin tashi take, kowa na son fita lokaci ɗaya, sai ki tsawaita aikinta awa guda bayan an rufe. Tikiti mai lokaci, wato mai nuna wa kowa awar da zai shigo, shi ma na taimakawa ƙwarai: gurbi 45, kowa na zama kamar awa biyu, kada ki karɓi sama da mota 20 a awa. Motocin 'yan makaranta a ba su ranakun tsakiyar mako, su sauke yara su tafi su dawo.

Alluna kuma a kafa su kafin kwanar, ba a bakin ƙofar da aka rufe ba. Direban da ya riga ya karya kan mota zuwa tsohuwar ƙofa sai ya yi baya cikin titi, cunkoso ya taru, maƙwabta su fara kiran hukuma. Taswirar waya za ta ci gaba da kai mutane tsohuwar mashiga, don haka ki sa sabuwar a shafinku da jikin tikiti, da hoto. Maƙwabtan ma a kai musu takarda tun da wuri, su ne za a toshe wa ƙofar gida.

Wata ukun nan kada ki buga shi a sanarwa da ranar gamawa. Ana tono sai a ci karo da bututun ruwa ko wayar lantarki da babu a zane, kuma ba a zuba kwalta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwan kwana biyu zai iya cin mako. Bayan an zuba a bar ta kwana ɗaya zuwa uku kafin mota ta hau, ya fi haka idan ana zafi, don tayar da aka murɗa a tsaye tana yin tabo a sabuwar kwalta. Inda aka yi da siminti, kamar gangara da bakin hanya, kwana 7 kafin ƙananan motoci, 28 kafin manya. Sannan ga fentin layuka. Kada ki yarda a buɗe rabin farko sai an zana guraben masu buƙata ta musamman, an kunna fitilu, kuma an zuba ruwa an ga yana gangarawa magudana ba ya kwanciya a bakin ƙofa. Idan za ki iya, turo zanen filin da inda ƙofofinku suke, mu duba wace ce ta fi dacewa da sauke mutane.