Intiro a kundin rap: a sa ko a bari?

Ƙanena, na ga tambayarka. Kana haɗa kundinka na farko, furodusanka ya kafe sai an sa intiro, wato ɗan share fagen da ake buɗe kundi da shi, kai kuma kana ganin asarar kuɗin situdiyo ce kawai tunda kowa tsallake shi yake yi ya faɗa waƙa ta biyu. Wasu sun amsa maka da cewa ai haka ake yi. Wannan ba ta isa hujja ba. Ni tun zamanin kaset nake jin rap, daga baya kuma na yi zaman situdiyo ina haɗa wa yara masu tasowa sauti, to bari in faɗa maka abin da na gani.

Kai da furodusan naka kowa na da tasa gaskiyar. Yawancin intiro ɗin da ake yi, da za a goge su babu wanda zai yi cigiya. Amma akwai waɗanda in ka cire su, waƙar da ke biye da su sai ta rage nauyi, ko da ba a taɓa mata ko baiti ɗaya ba. Aikin intiro ke nan a wurina: ya shirya kunnen mai sauraro, ya san a wane gari yake, wa ke magana, kuma da wace fuska zai karɓi abin da ke tafe. In bai yi wannan ba, cike gurbi ne.

Ka fara sanin lokacin da abin ya samu gindin zama. A da mutum kaset yake saye, ya sa a rediyo, ya danna, abin da ke farko shi zai fara ji ko ya so ko bai so ba. Tsallakewa ma aiki ce: ka danna gaba, ka wuce wurin, ka dawo baya, batir na ci. Mu har da biro muke juya zaren don kada batir ya ƙare. Saboda haka mawaƙi ya san minti na farko nasa ne, babu mai ƙwace masa. A 1988 Public Enemy suka buɗe kundinsu na biyu da ihun jama'a da ƙarar jiniya da aka ɗauko daga wasan da suka yi a Hammersmith Odeon da ke Landan. Tun ba a rera komai ba sun riga sun gaya maka cewa wannan kiɗan da ake rainawa a Amurka ya cika zaure a Ingila. Shekara ɗaya bayan haka, a 1989, De La Soul da furodusansu Prince Paul suka buɗe 3 Feet High and Rising da wasan kacici-kacici irin na talabijin, suka riƙa dawo da shi tsakanin waƙoƙi. Daga nan 'yan gajerun wasannin kwaikwayo suka yaɗu a kundayen rap, har abin ya zo ya yi yawa a zamanin CD, da yake faifai ɗaya na ɗaukar sama da minti 70 kuma kowa na son ya cika shi taf.

Wanda nake so ka zauna ka saurara da abin kunne, ba a cikin hayaniya ba, shi ne intiro ɗin kundin Ready to Die na Notorious B.I.G., wanda ake kira Biggie, na 1994. Minti uku da 'yan kai ne, kuma shi kansa bai rera baitin rap ko ɗaya a ciki ba. Bugun zuciya za ka fara ji, sai mace tana naƙuda, sai kukan jariri, a ƙarƙashi kuma ana kiɗan Curtis Mayfield na 1972, shekarar da aka haifi mawaƙin. Sai kiɗan ya koma na Sugarhill Gang na 1979, uwa da uba suna ta cacar baki a kan yaron. Sai ya koma na Audio Two na 1987, yaro ya zama saurayi, shi da abokinsa suna fashi a jirgin ƙasa. Na ƙarshe kiɗan Snoop Dogg ne na 1993, ana buɗe masa ƙofar kurkuku, gandiroba na yi masa ba'a cewa zai dawo. Ka lura, ba wanda ya tsaya ya ce maka shekara kaza ce. Kiɗan da ke baya shi ne kalanda. Shekara ashirin da ɗoriya na rayuwar mutum aka dunƙule a nan, shi ya sa da waƙa ta biyu ta shigo tana kukan yadda unguwa ta lalace, ba ka tambayar wane ne wannan mai ƙorafin, ka riga ka san gidan da ya fito. Kundin kuma ya ƙare da wannan bugun zuciyar yana raguwa har ya tsaya. Wanda ya tsallake farkon ba zai gane abin da aka yi masa a ƙarshe ba.

A 1994 ɗin dai Nas ya fito da Illmatic, yana ɗan shekara 20. Abu goma ne a kundin, duka bai kai minti 40 ba, amma ya yarda ya ba da guda ɗaya ga share fage: ƙarar jirgin ƙasa, sautin da aka yanko daga fim ɗin Wild Style, baitinsa na farko da ya taɓa fita a faifai a 1991 yana tashi can ƙasa-ƙasa, shi kuma yana hira da ƙaninsa da abokinsa AZ. Mutumin da ke da waƙa tara kacal ba zai yi wasa da gurbi ba. Asalinsa yake nunawa, da zuriyar kiɗan da yake so a lissafa shi a ciki.

Na kundin The Miseducation of Lauryn Hill kuwa, a 1998, bai kai minti ɗaya ba. An kaɗa ƙararrawar makaranta, malami na kiran suna, yara na amsawa. Ya kira sunanta, shiru. Ya sake kira, shiru. Shi ke nan. Kundin gaba ɗaya a kan darasin da ba a koya mata a aji ba ne, ga shi an nuna maka kujerarta babu kowa. Wanda ya yi muryar malamin, Ras Baraka, shi ne ya zama magajin garin Newark a 2014. Sai na 50 Cent na 2003, daƙiƙa shida: kwabo ya faɗi yana ƙara, aka ɗana bindiga, kiɗa ya shigo. Ba na son abin da yake tallatawa, amma sunan kundin, Get Rich or Die Tryin', wato a yi arziki ko a mutu wajen nema, ya fassara da sauti biyu. Don haka tsawo ba shi ne ma'auni ba.

Inda kake da gaskiya shi ne zamani ya juya. Je ka wurin masu tura waƙa a waya ka leƙa kwamfutarsu. Za ka tarar da fayil-fayil masu suna "01 Intro" jere reras, ba sunan mawaƙi, ba sunan kundi, mai shagon ma bai san na wane ne ba. In abokin ciniki ya ce a cika masa memori, waɗannan ake fara zubarwa. Wanda ya tsira kuma, waya ta cakuɗa waƙoƙi, sai ka ji intiro ɗin wani ya faɗo tsakanin waƙar biki da ƙasida, ba kai ba gindi. A manhajojin sauraro ma haka ne. Spotify ba ta lissafa an ji abu sai an kai daƙiƙa 30, kuma mutane da yawa ta jerin waƙoƙin da wani ya tsara suke haɗuwa da mawaƙi, ba ta kundinsa ba. Surutun minti biyu ba zai shiga irin wannan jeri ba.

Amurkawan da kansu sun gano haka, sai suka mai da intiro cikakkiyar waƙa, sai dai irin wadda ba ta bin dokar rediyo: ba amshi, baiti ne kawai a jere, mawaƙi na zazzage abin da ke cikinsa. Jay-Z ya yi haka a kan kiɗan furodusa Just Blaze a 2000. Drake ya buɗe kundinsa na 2013 da minti shida ba amshi. Wanda ya fi kowa cin riba shi ne Meek Mill a 2012. Ya fara a hankali a kan fiyano yana lissafa wahalar da ya sha, a tsakiya kiɗan ya birkice, shi ma ya birkice. Wannan intiro ɗin ya fi duk sauran waƙoƙin kundin suna. A Fabrairun 2018, da ƙungiyar Philadelphia Eagles za ta shiga fili a wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga ta Amurka, shi aka sa mata, alhali mai waƙar na kurkuku a lokacin. Ga wanda bai yi suna ba tukuna, irin wannan nake ba da shawara, don ko an raba shi da 'yan uwansa zai tsaya da ƙafarsa.

Yanzu ga abin da nake roƙonka kada ka yi, don na sha gani. Wani yaro ya taɓa shigowa situdiyo da takarda cike gaba da baya. Na ɗauka baitoci ne. Ashe sunaye ne: abokan unguwa, 'yan majalisarsu ta shayi, mai askinsa, wanda ya ara masa babur ya zo. Ya tsaya gaban makirfo yana jero su, kowane suna da kirarinsa, kiɗa na ta zagayawa. Da ya fito na ce masa wa zai ji wannan sau biyu? Ya ce in ya bar wani za a yi fushi. To a yi. Gaisuwa ƙarshen kundi ake kai ta, wanda ya kai can masoyinka ne, zai jure. Na biyu shi ne cika baki tun ba a ji komai ba, mutum bai fitar da waƙa uku ba yana shelar ya dawo. Daga ina? Na uku, harbin bindiga da jiniyar 'yan sanda da turancin New York a bakin wanda bai taɓa wuce Zariya ba. Biggie rayuwarsa ya zana, shi ya sa ta kama mutane.

Kuma ba ka rasa abin tasowa da shi a gida. Makaɗanmu ba sa faɗawa waƙa kai tsaye: a taɓa kalangu ko kotso, sanƙira ya yi shela, a yi wa mai waƙar take, sannan uban kiɗa ya buɗe baki. Marubuta waƙoƙi kuma da ambaton Allah da salati suke farawa. Kunnen Bahaushe ya saba a share masa fage, ba baƙon abu za ka kawo masa ba. Sai dai kada ka ɗora ayar Alƙur'ani ko kiran salla a kan kiɗa don neman nauyi, fitina za ka jawo wa kanka, kuma ba za a tsaya jin bayaninka ba. Muryar kakarka tana yi maka faɗa, hayaniyar tasha da asuba, kirarin ɗan dambe, ƙarar keken ɗinkin babanka in da shi aka yi maka kuɗin makaranta, duk waɗannan naka ne, ba mai kai ka ƙara.

Maganar ƙara kuwa da gaske nake. Kada ka yanko muryar wani tsohon makaɗi ko wani yanki na fim ka liƙa ba izini don kana ganin ai ɗan guntu ne. De La Soul ɗin nan da na ambata, a kan wani ɗan tsaki da ke tsakanin waƙoƙi, wanda ba waƙa ba ce ma, mutanen ƙungiyar The Turtles suka maka su a kotu, sai da aka sasanta da kuɗi. Rikicin izinin sautuka na cikin abin da ya hana tsofaffin kundayensu hawa manhajojin sauraro har sai Maris ɗin 2023.

A aikace, ga yadda zan yi in ni ne kai. Kada ka ɗauki intiro sai ka gama duk sauran waƙoƙin, don ba za ka iya gabatar da abin da kai ma ba ka san kamanninsa ba. In kun haɗa, ka samu mutum biyu da ba su taɓa jin kundin ba, ɗaya ka sa masa daga intiro, ɗaya daga waƙa ta biyu, ka tambaye su me suka fahimta game da mai waƙar. In amsarsu ɗaya ce, goge shi, ka ce wa furodusanka ni na ce. In kuma magana ce ko sauti da bai wuce daƙiƙa 20 ba, manna shi a kan waƙar farko su zama fayil ɗaya, yadda mai tura waƙa ba zai iya raba su ba. In cikakkiyar waƙa ce, ka raɗa mata suna nata na kanta, ka rubuta sunanka a jikin fayil ɗin. Ka turo mana jerin waƙoƙin da wadda kake so ta zo ta biyu, mu ji ko tana buƙatar a share mata fage.