Tambaya Mabuɗin Ilimi: Sabon Tankin Kifin Teku da Rigingimunsa

Wasiƙun wannan watan kusan duk na masu sabon tankin ruwan gishiri ne. Mun gajarta wasu, masu kama da juna kuma mun haɗe su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, yanzu na sayi tankin gilashi mai cin lita 200 don in gwada kifin teku. Gishirin girki zai yi? Nawa zan zuba, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gishirin girki ba zai yi ba, ko da an rubuta "na teku" a jikin ledarsa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin na girki. Ragowar, wato magnisiyam da salfet da kalsiyam da fotashiyam da sinadaran da ke hana ruwa yin tsami, su ne ke riƙe ran halittun teku. Sai ka nemi gishirin da aka haɗa musamman don tankin kifi.

Shi ma ruwan ba kowanne ba. Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, wani lokaci da fosfet da silika, har da ɓurɓushin jan ƙarfe idan bututun gidan na jan ƙarfe ne. Abin dogaro shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO/DI, wato matatar da ke cire sinadaran da suka narke a ruwa, wanda ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, ke nuna sifili a kansa.

Wajen haɗawa, ruwa ake fara zubawa a durom ɗin roba mai tsabta, a kunna ƙaramin famfo yana juya shi, sannan a riƙa barbaɗa gishirin kaɗan-kaɗan. Idan ka juya lamarin, ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam zai daskare ya zama farar ƙura kamar alli, kuma ba ta sake narkewa. Lita 200 za ta ci kilo 7 zuwa 8. Ka bar shi ya kwana yana juyawa, da safe ka auna. Lambar da kake nema a ma'aunin gishiri ita ce 1.025 zuwa 1.026, wato nauyin ruwan idan an kwatanta shi da ruwa zalla. Ma'aunin roba mai allura yana yawan yin ƙarya, ɗan kumfa ɗaya ya maƙale wa allurar sai lamba ta canza. Gara ma'aunin leƙawa, rifiraktomita, shi ma a saita shi da ruwan gwaji mai gishiri kashi 35 cikin dubu.

Kafin duk wannan, duba mazaunin tankin. Da ruwa da dutse da yashi da gilashin kansa, nauyin zai doshi kilo 300, saboda haka teburin ya zama mai ƙarfi, a miƙe sak, nesa da taga. Cika shi da ruwan banza ya wuni ya kwana, ka tabbata ba ya yoyo. Sannan duwatsu, kimanin kilo ɗaya ga kowace lita 10, a dasa su a kan gilashin ƙasa kai tsaye, yashi ya biyo baya, kauri santimita 2 zuwa 5. Wanda ya ɗora dutse a kan yashi, ranar da kifi mai tono ya ƙwaƙule gindinsa, ginin zai rufto. Famfunan kaɗa ruwa su juya ninki 10 zuwa 20 na ruwan tankin a awa guda, wato lita 2,000 zuwa 4,000 a naka. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Kowace wayar lantarki ka bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa da soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa maimakon ya shiga ciki. Ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji.

Tambaya: Mai shagon ya ce mini kwana uku sun isa. Na zuba kifi shida, cikin mako guda huɗu sun mutu, alhali ruwan garau yake kamar a sha. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Abin da ya kashe su ba shi da launi, shi ya sa hasken ruwan bai gaya maka komai ba. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su koma amoniya. A tankin da ya daɗe akwai bakteriya manne a jikin dutse da yashi masu mayar da ita naitirayit, wani rukunin kuma ya mayar da naitirayit ɗin naitireti, wanda kifi ke iya jure wa madaidaicinsa. A sabon tanki ba su riga sun yaɗu ba, kuma kafuwarsu kan ci mako 4 zuwa 6.

Abin da masu tasowa daga ruwan daɗi ba su cika lura da shi ba shi ne, amoniya ta fi dafi a nan. Ruwan teku yana zama a pH 8 zuwa 8.3 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne, yana hawa idan tsami ya ragu), kuma duk lokacin da pH ya hau da lamba ɗaya, kason amoniya mai guba yakan ninka kusan sau goma. Adadin da kifi zai sha da ƙyar a pH 7 yana iya halaka shi a 8.2. Naitirayit kuwa akasin haka ne, gishirin ruwan yana tare masa hanyar shiga jinin kifi, shi ya sa ba a cika tsoronsa a nan ba. Amoniya ce abar sa wa ido.

Biyun da suka rage, ga yadda za ka cece su. Sayi kayan gwajin amoniya na ɗigo, ka riƙa aunawa kullum. Canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan yau, da sabon ruwa mai gishiri da zafi daidai da na ciki. Rage abinci zuwa ɗan kaɗan bayan kwana bibbiyu. Zuba maganin ɗaure amoniya da bakteriyar kwalba ta ruwan gishiri, ka leƙa bayan duwatsu ko akwai mushen da ya ɓuya. Kada ka ƙara kifi ko ɗaya.

Ga wanda bai riga ya sayi kifi ba, hanya mafi sauƙi ita ce a ciyar da bakteriyar ba tare da kifi ba. A ɗiga amoniyam kulorayid har gwaji ya nuna miligiram 2 a lita, kada ya haura 5, kuma banda amoniyar goge-goge mai sabulu ko turare. A bar fitila a kashe, famfuna da hita a kunne, a riƙa aunawa bayan kwana biyu ko uku. Za a ga amoniya tana sauka, naitirayit yana hawa, daga baya shi ma ya faɗi, naitireti ya bayyana. Kada a yi hukunci da kalanda. A sake ɗiga amoniya zuwa 2, idan bayan awa 24 ita da naitirayit duk sun koma sifili, tanki ya nuna. Sai a canza rabin ruwan, a sa ƙananan kifi biyu, a jira mako biyu ko uku kafin na gaba, domin bakteriyar tana ƙaruwa ne gwargwadon abincin da take samu. Sauri dai shi ke haifar da nawa.

Tambaya: Na fara da 1.025, yanzu bayan wata ɗaya ina ganin 1.030. Duk lokacin da ruwa ya ragu ina cikawa da ruwan gishirin da na haɗa.

Amsa: Hajiya, a nan gizo ke saƙar. Ruwa ne kaɗai ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan bai je ko'ina ba. Ciko da ruwan RO/DI zalla ake yi, ruwan gishiri kuwa sai ranar canji, wato lokacin da kika zuƙe wani kika zubar. Ki sa alama a jikin gilashi, ki riƙa cikawa zuwa wurin kullum. Saukar da 1.030 ɗin kuma a hankali, ki ɗebi lita biyu ko uku ki maye da ruwan daɗi, ki auna, kada saukar ta wuce 0.001 zuwa 0.002 a rana. Jatan lande da dodon koɗi ba sa jure canji na farat ɗaya.

Tambaya: Mako na uku ke nan, wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Na goge, washegari ta dawo. In zubar da komai in sake?

Amsa: A'a, kada ka taɓa. Wannan wata irin gansakuka ce mai gina ɓawonta da silika, kuma sabon yashi da sabon dutse ba sa rasa silika. Kusan kowane sabon tanki sai ya yi wannan munin. Idan silikar ta ƙare, cikin makonni kaɗan za ta ɓace da kanta, muddin ba ruwan famfo kake ƙara mata ba. Goge gilashi, rage fitila zuwa awa 6 zuwa 8, kuma idan amoniya ta zama sifili ka sa dodon koɗi kaɗan su yi kiwo.

Amma ka bambance ta da wasu biyu. Idan ka ga shimfiɗa ja ko shuɗi-shuɗi mai yauƙi da ke ɗagowa kamar fatar madara, wannan bakteriya ce, tana son lungun da ruwa ba ya motsi da inda abinci ke taruwa. Zuƙe ta da tiyo, juya bakin famfo wajen, rage hannu a abinci. Idan kuwa zare-zare ne masu kama da majina, da ƙananan kumfa a jikinsu, suna yawa da rana su ragu da dare, to ka auna naitireti da fosfet. Sau da yawa za ka tarar duk sifili ne. Wannan ita ce masifar masu tsabtar wuce gona da iri, ruwa ya rasa abin da sauran halittu za su ci, sai ita ta samu fili. A nan ƙara canjin ruwa ƙara mata ƙarfi ne. Bar naitireti ya ɗan hau zuwa miligiram 5 ko 10 a lita.

Tambaya: Na'urar kwashe kumfa da na saya, wadda ke cire dattin ruwa ta hanyar kumfa, tana cika kofinta da ruwa fari cikin minti goma.

Amsa: Ba ta lalace ba. Sabuwar roba tana da maiƙon masana'anta, sai ta yi mako ɗaya ko biyu kafin ta daidaita. Buɗe mafitar ruwanta don kumfan ya sauka ƙasa da wuyan kofi, ka tabbata tana zaune a zurfin da takardarta ta faɗa. Maganin kashe kulorin da gam ɗin liƙa duwatsu su ma suna haukata ta na ɗan lokaci. Idan ta kama aiki, abin da za ka riƙa zubarwa launin shayi ne mai kauri, da wari.

Tambaya: Sabon kifin da na sa ya fito da ɗige-ɗige farare kamar an yayyafa masa gishiri, yana goga jikinsa da dutse. Bayan kwana huɗu suka ɓace. Ya warke ke nan? An ce in sa masa tafarnuwa a abinci.

Amsa: Malama, bai warke ba, cutar ta sauka ne ta je ta hayayyafa. Sunanta Cryptocaryon irritans. Tana kwana 3 zuwa 7 a cikin fatar kifi tana ci, sai ta faɗo ta manne a dutse ko yashi, ta rufe kanta da ɓawo, ta rarrabu zuwa 'ya'ya masu ɗimbin yawa. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu suke ƙyanƙyashewa, amma an ga waɗanda suka kai kwana 72. Zuwa na biyu ya fi na farko muni, kuma kowane kifi a tankin zai samu rabonsa. Tafarnuwa tana iya jawo kifi ya ci abinci, iyakarta ke nan.

Maganin da aka sani yana aiki shi ne mai sinadarin jan ƙarfe, amma kul kika zuba shi a babban tanki. Yana kashe murjani da jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi, duwatsu kuma suna shanye shi su riƙa fitarwa daga baya. Ki kwashe kifayen duka, har waɗanda ba su nuna komai ba, zuwa tankin jinya: gilashi tsirara, babu yashi babu dutse, sai hita da matatar soso da guntayen bututun roba don su samu maɓoya. Ki hau da maganin a hankali zuwa adadin da ke jikin kwalbar, domin kowane iri da nasa, ki riƙa aunawa kullum na kwana 30. Idan ya yi ƙasa ba ya kashe cutar, idan ya yi sama ya kashe kifin. Kada ki haɗa shi da maganin ɗaure amoniya, haɗin yana iya ƙara masa dafi. Amoniyar tankin jinya da canjin ruwa ake maganinta.

Babban tankin kuma ya zauna babu kifi kwana 76. 'Ya'yan cutar idan suka fito ba su samu kifi ba cikin kwana ɗaya ko biyu, mutuwa suke. Murjani da jatan lande su ci gaba da zamansu, ki riƙa jefa ɗan abinci don bakteriyar tanki kada ta yi yunwa. Daga yau kuma duk sabon kifi ya yi wata guda a killace kafin ya shiga.

Wani gargaɗi. Idan ɗigon ya yi ƙanana ƙwarai kamar hoda, kifin yana haki yana tsayawa a gaban famfo, wannan Amyloodinium ce, kuma tana iya share tanki cikin kwana biyu. A ranar za ki kwashe su.

Tambaya: Idan wuta ta ɗauke, awa nawa kifin zai iya jurewa?

Amsa: Bai kai yadda ka saba a ruwan daɗi ba. A digiri 25, ruwan daɗi yana riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 8.3 a lita, na teku kuwa 6.7 ne, kuma bakteriyar duwatsu ma shaƙa take. Tankin da ya cika da kifi yana iya shiga haɗari cikin 'yan awoyi, musamman a lokacin zafi. Ka ajiye famfon iska mai batir kusa. Idan babu, ɗebi ruwan tankin da jug ka riƙa kwararo shi daga sama duk bayan minti 10 zuwa 15, kuma kada ka ba su abinci sai wuta ta dawo. Idan zafi ya doshi digiri 29, buɗe murfi, jefa robar ƙanƙara a rufe ta yi iyo.

Mai ƙaramin tankin tacewa a ƙarƙashin babba yana da ƙarin aiki. Da famfo ya tsaya, bututun mayar da ruwa yakan juya ya zama mazuƙi, ya riƙa sauko da ruwa har ƙaramin ya yi ambaliya. Huda ɗan rami a jikin bututun, ƙasa kaɗan da saman ruwa, don iska ta shiga ta yanke zuƙar. Sannan ka gwada tun kana tsaye: cire filogin famfon, ka ga inda ruwa ya tsaya a tankin ƙasa, ka tabbata da sauran tazarar yatsu uku ko huɗu kafin baki.